Maganin Ƙarin Jini

"Wannan filastar fa ta mece ce?"

Sanda ya yi sauri ya saki hannun rigarsa. "Sauro ne, na sosa."

"Sauron Unguwar Shanu ne ya koyi cizo duk ranar Talata, kuma a wuri ɗaya?"

Ya yi dariya, ya kama yatsuna. "Hansaina... ke dai ba a ɓoye miki komai. Jinina ake aunawa a asibiti. An ce ya ɗan yi ƙasa, an ba ni maganin ƙarin jini. Shi ke nan."

Na yarda. Mijina ne, kuma son da nake masa ya kai ko cewa ya yi kogin Kaduna ya koma baya, zan yafa gyale in je kallo. Masinja ne a wata ma'aikata, ga sanyin hali, ga kunya kamar amarya. Lokacin cikina na fari ya tsufa, kuma tun da aka yi ƙarin albashin Udoji kasuwa ta haukace, albashi ba ya kai mu tsakiyar wata. Sai ga Sanda yana shigowa da nama a takarda, da atamfa, har da zancen ragon suna.

Abin da ban sani ba, wanda gara ku ku sani tun yanzu, shi ne Sanda ya ba da kansa ga wasu likitoci masu gwajin sabon maganin zazzaɓi. Yana haɗiyar ƙwayoyi, su ɗebi jininsa su duba, su biya shi. Sun ja masa kunne cewa mai ciki kada ta kuskura ta sha. Shi kuwa kunyar a ce ya sayar da jikinsa ta hana shi faɗa wa kowa. Ya juye ƙwayoyin a gwangwanin madara ya ɗora bisa kabad, don ya san ni ko kujera ba na iya takawa. Ya manta da Inna.

Inna mahaifiyarsa ce, ta taso daga Badarawa don ta zauna da ni har in sauka. Uwata ta rasu ina ƙarama, ita ta maye mini gurbinta. Ita ke daka, ita ke matsa mini ƙafa, in na ƙi cin abinci ta juya mini baya tana fushi kamar yarinya.

Ranar nan tana kakkaɓe yanar gizo ta sauko da gwangwanin.

"Auta, wannan fa?" ta tambayi Sanda.

"Na ƙarin jini ne, Inna. Nawa ne... a bar shi a sama."

Washegari da ya fita aiki ta ja fatar idona ta duba.

"Fari fat. 'Yar nan, ai ke ce mai bukatar jini, ba wancan ƙaton ba. Namiji da rowar magani!"

"Inna, ya ce nasa ne..."

"Nasa da naki duk ɗaya. Buɗe baki. Kuma kada ki gaya masa, ya zo yana mini ƙunƙuni."

A gidajenmu haka ake yi, wanda ya samo magani mai kyau kowa sai ya ɗanɗana. Na riƙa sha safe da yamma, muna dariyar satar da muke yi wa Sanda. Shi kuma da hannu yake lalubo rabonsa a sama, bai taɓa leƙawa ba.

Motsin da ke cikina ya fara raguwa. Cikin fari ba a zancensa, sai na yi shiru ina ta addu'a a zuci. Ranar da ya tsaya cak na kasa daurewa, aka ɗauko tasi.

A asibiti Inna ta zauna kan benci a waje da carbinta. Nas ta daɗe tana saurare a cikina, sannan ta tambaye ni ko na sha wani magani.

"Na ƙarin jini ne kawai, na maigidana."

Sanda na tsaye bakin ƙofa. Na ga ya dafa bango, ya sulale ƙasa.

Namiji ne, bai zo da rai ba. Likitoci suka ce ba za su iya rantsuwa cewa ƙwayoyin ne ba, amma ni na san ranar da motsi ya fara raguwa. Da suka dawo daga maƙabarta ya durƙusa gaban gadona ya faɗa mini komai.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Kunya na ji, Hansai... Na so ɗana ya zo ya tarar ubansa ya iya yanka masa rago."

"To ga shi ya zo."

Ya kifa kai a zanina yana kuka. Na ji haushinsa har cikin ƙashina, kuma hannuna da kansa ya je ya dafa kansa.

"Ki zage ni, ki tafi in kin ga dama, na cancanta. Amma Inna... in ta ji da hannunta ta ba ki, ba za ta kai baɗi ba."

Ni kaina ban san abin da zan yi ba. Wani lokaci sai in ji ina so kowa a gidan ya ɗauki kasonsa na wannan wutar.

Wankan jego ba ya faɗuwa don babu jariri. Inna ce ke tashi ta dafa ruwa, ta gasa mini jiki, ta dama kunun kanwa. Wata safiya ta ajiye ƙwaryar a gabana ta zauna, hawaye na bin fuskarta. Sanda ya turo kekensa zai fita, ya tsaya.

"'Yar nan, ki yafe mini. Laifina ne."

Na ɗago kai. "Laifin me, Inna?"

"Makara na yi. Da tun zuwana na fara ba ki maganin nan, da jininki ya isa ya riƙe shi."

Gaskiyar ta zo mini har baki. Na dubi Sanda, idonsa a ƙasa yana jiran hukuncina. Na dubi tsohuwar da ta wanke mini ƙafa da hannunta.

Na kama hannun nata na riƙe gam.

"Ba ki makara ba, Inna. Allah bai yi zai sha ruwan duniya ba."

Inna ta ƙara shekaru tare da mu, ta goya ƙannen yaron da muka rasa. Har ta koma ga Allah tana cewa da ta yi sauri da ta ceci jikanta, mu kuma muna zaune muna jin ta.