Ƙishirwar Bayan Ɗakin Ajiya

Ku yaran yanzu ba a gaya muku ku ji. Kun ga siminti, kun ɗauka duk ƙasa ɗaya ce. To, ba ɗaya ba ce.

Ban yi karatu ba, amma na tsufa ina yayyafa ruwa kafin shara, na san tsakar gidana. Gefen madafa yashi ne, nan take yake shanyewa. Gindin katanga laka ce, ruwa har kwana yake yi. Kuma kowace ƙasa da zari take fara sha, ta sassauta, ta ƙoshi. Ban da wuri guda a bayan ɗakin ajiya, faɗinsa bai fi faranti ba. Ko damina ta kai tsakiya, a bushe yake ƙamas. Surukata ce ta nuna mini shi ina amarya, ta ce kullum kafin magariba a zuba masa bokiti guda. Ban tambayi dalili ba, ban taɓa fashi ba.

Sai autana mai buga bulo ya dawo gida da matarsa da jaririyarsu, ya ce zai malale bayan ɗakin ya riƙa aiki.

Na ce, "Bar wurin nan, ka kewaye shi."

Ya yi dariya. "Inna, ƙasa kike shayarwa kamar akuya? Tsohon rami ne kawai."

Ya shafe shi ina tsaye.

Ba a jima ba, wata yamma na yayyafa ruwa, ko'ina ya jiƙe, sai wani fili a gindin katanga, kan lakar nan, ya bushe a idona. Faɗin faranti. Washegari babu shi a nan, ya matso gindin turmi. Na zuba masa bokiti, ya shanye, bai tsaya ba. Kullum sai ya ƙara matsawa, kuma ƙofar autana ya nufa.

Randarsu ta fara kwana babu ɗigo. Nonon matar ya ƙafe.

Rannan gab da magariba na ɗauki bokiti na shiga ɗakinsu. Auta na kwance a tabarma, ya gaji, jaririya a gefensa. Ɗakin na warin ƙasar da ta daɗe ba ta ga ruwa ba.

Sai na ji ƙara a ƙarƙashin daɓe. Zuuut. Zuuut. Kamar mai tsotsar ɓargo.

Jaririyar na kuka, babu hawaye.

"Inna," in ji auta cikin raɗa, "harshena."

Na kwara ruwan a ƙasa. Bai gudana ba. Ya nutse cikin siminti, ko danshi bai bari ba.

Na suri yarinyar. Ƙafata ta hagu ta manne.

Na ji yawun bakina yana sauka, yana bin ƙafar.

Na kira sunan Allah, na fizge. Fatar dugadugina a can na bar ta.

Da safe auta ya ɗauki guduma ya fasa simintin bayan ɗaki yana kuka. Muka zuba bokiti. Ruwan ya kwanta, ya ƙi shiga. Wurin ya zama ƙasa kamar kowace ƙasa. Mai shan ya riga ya tashi.

Matar ta ɗauke 'yarta ta tafi, ni na ce ta tafi. A asibiti sun rataya wa auta ledar ruwa, kafin ma'aikaciyar ta juya ledar ta ƙare. Suka sallame mu.

Yanzu yana ɗakin, fatarsa ta tsage kamar gindin tafki da rani. Ba ya gumi, ba ya fitsari, ba ya hawaye. Kullum kafin magariba ina kai bokitin da na saba, sai dai a bakin ɗana nake zubawa. Nakan kasa kunne a ƙirjinsa, in ji ruwan yana sauka, yana sauka. Har yau ban ji inda yake faɗawa ba.