Kifin Amaryar Bana

Tun da hantsi Galiya take shara. Ta share tsakar gida ta koma ta sake sharewa, sai ka ce yashin tsibirin Farasan abu ne da tsintsiya take iya masa. Iya Zar'a, uwar mijinta, tana gindin bango tana gyaran kifi, tana kallonta ta wutsiyar ido.

"Ke 'yar nan, ki rage mana ƙasar da za mu taka. Uwarki ce fa za ta zo, ba duba-gari ba."

Galiya ta yi dariya, amma ta san halin uwarta. Hajiya Afiya mutuniyar dutsen Faifa ce, can inda gidaje suke maƙale a jikin tsauni. Ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, kuma tun ranar da Abkar ya je neman aure take cewa ita ba ta haifi 'ya don ta ba kifi ba. Mahaifin Galiya ne ya dubi yaron ya ga natsuwarsa ya ba shi. Bayan biki da 'yan watanni Allah Ya yi wa tsohon rasuwa, aka bar Hajiya da ƙaramar 'yarta Rahaf da kuma haushin da ba ta da wanda za ta sauke wa.

Da azahar Abkar ya ɗauko su daga tashar jirgi. Rahaf ce ta fara shigowa, waya a sama tana ɗaukar bidiyo, tana ba da labarin yadda Umma ta yi amai tun daga gaɓar Jazan har aka iso. Hajiya ta biyo baya, fuska a murtuke. Ta rungume Galiya ta daɗe ba ta sake ta ba, sannan ta ja da baya ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ta yi baƙi, ta rame, hannunta ma ƙarni yake yi.

Aka kawo abinci, a nan kuma aka yi ɓatan farko. Mu nan tsibiri in muna son mutum, kifin da ya fi kowanne muke gasa masa, kuma Abkar tun asuba ya fita ya kamo shi da hannunsa. Su kuwa mutanen dutse, baƙon da ba a yanka wa rago ba an ce masa ya koma gida ke nan. Hajiya ta dubi faranti, ta tsakuri shinkafa, ta wanke hannu. Iya Zar'a, baiwar Allah, ta ɗauka jirin jirgi ne bai sake ta ba, ta yi ta tura mata kan kifin tana cewa nan ne daɗin yake.

Washegari Hajiya ta kira Galiya ɗaki ta yanke hukunci. Ranar da za su koma, da ita za su koma. In Abkar yana son matarsa ya biyo ta, akwai gonar gahawar marigayi tana jiran mai kula da ita. In ba zai iya ba, to, kowa ya kama gabansa. Ta san sarai ba zai iya ba. Kwalekwalen da yake kai masu yawon buɗe ido ƙananan tsibirai shi ne abincinsa, kuma Iya Zar'a ba ta da ɗa namiji sai shi.

Abkar ya samu matarsa a bayan ɗakin girki tana kuka, tana toshe baki da mayafi. Da ta gama faɗa masa, maganar ta soke shi. Sannan ya share mata hawaye da bayan hannunsa.

"Galiyata, ba zan sa ki zaɓa tsakanina da Umma ba. In ta ce ki tafi, ki bi ta. Ni kuma kullum zan hau dutsen nan in durƙusa a ƙofarta har ta gaji da ganina."

"Kai da ko bene ka hau sai jiri ya ɗebe ka?"

"To, sai in riƙa hawa da rarrafe."

Ta yi dariya cikin kuka, ta ce ita dai ba ta son barinsa, ba ta kuma son fushin uwa. Ya ce su yi haƙuri, wanda ya haɗa su bai yi barci ba.

Don ya faranta wa baƙi rai, sai ya shirya musu fita zuwa wani ɗan tsibiri mai farin yashi, inda ba kowa sai tsuntsaye. Rahaf ce ta yi ta magiya har Hajiya ta yarda, ta shiga kwalekwale ido a rufe, carbi a hannu. Da suka sauka ruwa ya janye can nesa kamar yadda teku take yi kullum, ya bar fili fetal. Abkar ya kafa musu rumfa, ya ce kada kowa ya yi nisa don ruwa zai dawo, ya zaga bayan tsibirin nemo itacen gashi. Rahaf ta bi gaɓa tana neman inda za ta sami sabis ta tura hotuna.

Hajiya ta ga dama ta samu. Ta kama hannun Galiya ta nufi wani baƙin dutse da ke tsaye can tsakiyar filin, don su yi magana inda ba kunne. Galiya ta ce, Umma, ruwa fa zai dawo. Hajiya ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ga garau, ko ɗigon gajimare babu. A Faifa kowane yaro ya san ambaliya ba ta zuwa sai hadari ya haɗu. Ta ce kada a mayar da ita yarinya, wane ruwa ne zai zo rana na tsaka? Galiya ta bi ta, ta tsallaka kaifin duwatsun murjani a hankali da 'yan silifas ɗinta.

A kan dutsen nan ne abin da ke cin Hajiya ya fito, kuma ba rago ba ne, ba ƙarnin kifi ba ne.

"Da ubanki ya faɗi, kafin in yi kururuwa dangi sun cika gidan. Ke fa? Ranar da mijin nan naki ya kwanta, ko ya fita bai dawo ba, wa gare ki a tsakiyar ruwan nan? Tsohuwar da ko gani ba ta yi sosai? Ni ina can, teku na tsakaninmu. Ba na barci, Galiya."

Galiya ta kwantar da kai a cinyarta, suka yi kuka tare. Ta so ta gaya mata cewa akwai ƙaramin ciki a jikinta, sai ta ga wannan ƙara wa wuta mai ne, ta haɗiye. Suna cikin haka ruwa ya lallaɓo ba hayaniya. Kafin su ankara ya zagaye dutsen, ya yi gaba da silifas ɗin Galiya da ta tuɓe a ƙasa.

Ruwan bai wuce ƙugu ba, yaran tsibiri a irinsa suke wasa. Amma ga Hajiya ƙarshen duniya ne ya zo. Ta ƙanƙame dutse tana salati, ta ce ko da igiya ba za a saukar da ita ba. Kwalekwale kuma ba ya shiga wurin saboda murjani. Sai ga Abkar yana keto ruwa da gudu. Ya tuɓe takalmansa ya sa wa matarsa, ya juya wa surukarsa baya ya durƙusa.

"Umma, hau."

"Ni? Bayan surukina? Gara ruwan ya ci ni."

"Umma, ɗanki ne. Ki rufe ido, ni ma na rufe nawa."

"Kada ka kuskura ka rufe! Wa zai ga hanya?"

Haka ya goyo ta, tana riƙe da wuyansa kamar za ta shaƙe shi, tana yi masa faɗa yana cewa to. Rahaf na bakin gaɓa ta ɗaga waya, Galiya ta harare ta, ta sauke. Abkar ya ɓoye ciwon ƙafarsa. Sai da suka shiga kwalekwale Hajiya ta ga ruwan da ya taru a cikin jirgin ya yi ja, ta bi shi da ido har tafin ƙafafunsa, murjani ya yi musu kaca-kaca. 

Likita ya ɗinke, ya ɗaure, ya ce kada ƙafar ta taɓa ruwan gishiri sai ta warke. Ga shi kuwa lokacin kifin harid ya iso. Sau ɗaya a shekara kifin nan mai launi yake tururuwa ya shigo gaɓa, a kewaye shi, a ba da umarni, maza su faɗa ruwa kowa ya cika buhunsa. A kwanakin ne kuma amaren shekara suke sake yin kwalliyar biki, mata su bi gida gida suna yi musu waƙa. Angon bana kuwa burinsa ya dire wa amaryarsa kifin da ya kamo a gaban jama'a. Abkar tun bara yake cika baki a kan wannan rana, sai ga shi zaune a zaure ƙafafu a miƙe, yana jin ihun maza daga nesa. Ya yi ta ba Galiya haƙuri kamar shi ya yi laifi.

Aka yi wa Galiya lalle, aka jera mata fararen furanni a ka, mata suka cika tsakar gida da ganga. A gabanta akwai babban farantin da ake zuba kifin ango, wayam. Hajiya na gefe tana kallon farantin, kunya da nadama sun hana ta ɗaga kai, don ta san wanda ya jawo.

Can sai aka yi sallama a ƙofa. Wani maƙwabci ne, jiƙe sharkaf, ya miƙo kifi ya ce na amaryar Abkar ne. Bai bar ƙofar ba wani ya iso. Bayansa ga limamin unguwa, ga mai gyaran inji, ga wani dattijo da suka yi shekara ba sa ga maciji da Abkar a kan wurin ɗaure jirgi, shi ma ya zubar da nasa ya juya yana gunaguni. Ba wanda ya aike su. Faranti ya cika ya zube, aka kawo kwando, aka kawo buhu. Hajiya ta tambayi Iya Zar'a ko duk danginsu ne, tsohuwa ta ce ko ɗaya.

"Hajiya, mu ruwa ya kewaye mu, ba inda za mu gudu mu bar juna. Wadda ta shigo, tamu ce."

Hajiya Afiya ta tashi ta ratsa mata ta nufi zaure. Ta zauna a ƙasa gaban surukinta, ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta yana ja tana riƙewa, hawaye na zuba a kan bandejin. Ta ce ya yafe mata. Ya ce ba ta yi masa komai ba. Galiya ta biyo ta da kwalliyarta, ta durƙusa ta raɗa mata maganar cikin da ta ɓoye. Dukansu suna jiran ta ce, to, yanzu kam dole a tafi dutse. Hajiya ta share ido ta dubi Abkar.

"Na bar maka ita. In watan ya kama ka aiko mini. Ni zan hayo jirgi."

Ta kuwa hayo. Ta yi amai tun daga Jazan har Farasan, ta sauko tana tsine wa jirgi, ita ce kuma ta fara ɗaukar jikarta.

'Yan'uwa, da Galiya ta ɗaga wa uwarta murya, ko Abkar ya ce matarsa ce ba mai raba su, da sun ci gardama sun rasa albarka. Sau da yawa faɗan uwa tsoro ne ya sa rigar fushi, kuma tsoro ba ya jin musu, sai ya gani da idonsa. Wanda ya yi haƙuri da iyaye har suka gani, ya sami masoyinsa ya kuma sami addu'arsu.