Tokar Casimir a Tsohon Fili

Da la'asar sakaliya Bernadette ta sauka daga bas a ƙofar tsohon filin wasa na birnin, rungume da gwangwanin kofi. Tokar mijinta Casimir ce a ciki, don an ƙone gawarsa bisa al'adar wasu mutanen ƙasar. Washegari za a fara rushe filin, ita kuwa tun yana asibiti ta yi masa alkawarin a nan za ta zuba shi, daidai inda mai dukan ƙwallo da sanda yake tsayawa a wasan besbol.

Lamont mai gadi ya dubi gwangwanin, ya girgiza kai.

"Haba Madam, har da ke? Rabin ƙasar filin nan fa tokar mutane ce. An hana, amma wa ya ji?"

"Kai dai buɗe mini, sarkin surutu. Gyaɗar marigayin da ka yi ta ci fa?"

"To, shiga. Amma ki fito kafin rana ta faɗi. Ni kaina ba na kallon kujerun nan da almuru."

Filin nan tun zamanin kakanni iyayen gida biyu gare shi: da zafi 'yan besbol, da sanyi 'yan zari-ruga. Casimir har ya mutu bai yafe wa 'yan zari-ruga ba, shanu yake kiransu, masu tattake ciyawa. Ga shi kuwa su suka yi wasan ƙarshe. An shimfiɗa ciyawa a kan jar ƙasar besbol, an ja fararen layuka, wurin da take nema ya ɓace mata ɓat.

Ta kai ta kawo har ƙafafunta suka yi tsami. Ba ɗa, ba jika, ba wanda za ta juya ta tambaya. Ta ja ta tsaya a tsakiyar ciyawa.

Iskar da ke kaɗowa daga tafkin da ke kusa ta ɗauke cak. Sai ƙamshin soyayyar albasa da gasasshiyar gyaɗa, a filin da aka kwashe masu tuya tuni.

"Hagu kaɗan, Bernie."

Raɗa ce, dab da kunnenta. Haka Casimir yake ce mata duk sa'ad da take ajiye mota.

Ta matsa hagu. Ta buɗe murfin, ta zazzage. Tokar ta nutse cikin ciyawa kamar ruwa a yashi.

Ƙwas!

Kujerun filin irin masu naɗewa ne in ba kowa a kai. Ɗaya ta sauka can sama. Wata ta bi ta. Sai layi bayan layi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har filin ya kewayu. Kowace ta lotsa da nauyi. Ba mutum ko ɗaya.

Ana ɓare gyaɗa. Ana tari ƙasa-ƙasa.

A layinsu na kullum kujerar Casimir ta sauka. Ta kusa da ita tana nan a naɗe.

"Na ajiye miki wuri."

Ba ta san ta fara hawa matakala ba. Sanyi ya kama ƙafafunta, ya hau gwiwa. Ta san in ta zauna ba tashi, amma ta miƙa hannu.

Kujerar ta fara sauka da kanta.

Wani ya fizgi rigar sanyinta ta baya. Lamont ne, idonsa a ƙasa, gumi sharkaf.

"Kar ki waiwaya," in ji shi da raɗa. "Taho, Madam. Don Allah taho."

Suka fita da sassarfa. Yana datse ƙofa, kujerun suka naɗe gaba ɗaya, ƙara guda kamar an rufe akwati.

An rushe filin, an mai da shi wurin ajiye motoci. Hannun da Bernadette ta miƙa bai sake ɗumi ba, ko a lokacin zafi. Lamont kan leƙo ta ran Lahadi, yana zaton tsoro ne ya ramar da ita, ita kuma ba ta musa masa. Ba za ta iya gaya masa tana jin haushinsa ba. Tun rasuwar Casimir babu wanda ya ajiye mata wurin zama sai ranar.