Mamaci a Kujerar Gaba

Plinio Almonte maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta kusa kashe mata biyu a garinmu, Boca Prieta. Ya shiga gidan makoki da sukari a hannu da ƙarya a baki. Ba don gaba ya yi ba, wai don so. Irin wannan son ne nake so 'yan mata su gane tun daga nesa.

"Ta juya, Doña Fela! Na rantse miki guguwar ta juya ta yi arewa."

Dilenia, 'yar Doña Fela, ta ajiye butar gahawa, ta tsura masa ido.

"To me ya sa mai lasifika ya zaga sau uku yau, yana cewa kowa ya fita?"

"Aikinsu ke nan, kyakkyawa. In ba su tsorata mutane ba, wa zai san suna aiki?"

"Sunana Dilenia."

"Ke!" mahaifiyarta ta daka mata tsawa. "Mutumin da yake kawo mana gahawa da sukari tun ranar jana'iza kike yi wa wannan bakin?"

Ranar ce ta takwas da rasuwar Don Anacleto masunci, mahaifin Dilenia. Ƙofar gaba a rufe take, haka za ta zauna sai an cika kwana tara. An lulluɓe madubi. An kashe rediyo an naɗe shi da farin ƙyalle, don ba a jin kiɗa ko surutu a gidan da mamaci bai gama sallama ba. Wuta ta ɗauke tun jiya, wayoyi duk sun mutu. Labarin duniya ba ya shiga gidan nan sai ta ƙofar baya, a bakin wanda ya zo gaisuwa.

Plinio ya san haka sarai. Shi ne mai kanti ɗaya tilo a garin, shekarunsa arba'in da biyu, kuma sau biyu Dilenia tana mayar masa da kyautarsa.

"Ku yi zamanku," ya ce yana ɗaukar malafarsa. "Ɗan ruwa ne da iska. In ma wani abu ya taso, ai ina nan. Ba zan bar iyalin Don Anacleto a hannun ɗan masu saran rake ba."

Ya fita.

Dilenia ta leƙa ta taga. Teku ya yi launin toka, yana tasowa yana zubewa da wani irin gurnani da ba ta taɓa ji ba. Ko tsuntsu ɗaya babu a sama. Maƙwabta sun buga katakai a tagoginsu sun tafi tun safe.

"Mama... jikina bai ba ni ba."

"Jikinki ko zuciyarki? Na san wanda kike jira."

Ba ta rufe baki ba suka ji ƙugin babbar mota a bayan gida. Wilner ne, direban motar ayaba da hukuma ta ɗauka don kwashe mutane zuwa makarantar Loma Clara, can kan tudu. A nan aka haife shi, a nan ya girma, amma mahaifinsa daga Haiti ya tsallako saran rake. Wannan kaɗai ne laifinsa a wurin Doña Fela, kuma shekara biyu tana riƙe da shi, tun da ya fara neman Dilenia.

Ya shigo a jiƙe, yana haki.

"Dilenia! Har yanzu kuna nan?"

"Wilner..."

"Rabin raina, ɗauko takardunku da maganin Mama. Wannan ne sawu na ƙarshe. Ƙarfe huɗu za a rufe gada, kogi ya riga ya fara lasar ta."

"Wa ya ba ka izinin shigo mini gida?" Doña Fela ta miƙe tsaye, baƙar rigarta har ƙasa.

Wilner ya cire hula. "Ki gafarce ni, Doña. Gobe ki zage ni yadda kike so, zan tsaya in saurara. Yau dai ki hau mota."

"Guguwa ta juya."

"In ji wa?"

"In ji mutumin kirki, wanda ya san darajar mamaci."

Wilner ya dubi ƙullin sukarin da ke kan tebur, ya gane.

"Plinio?"

"Don Plinio, a bakinka!"

"Doña, da hannuna na ɗora firjin Don Plinio a motata ƙarfe shida na safe. Da buhunan shinkafarsa goma sha ɗaya. Da mahaifiyarsa, da akunta a keji. Duk suna Loma Clara yanzu. Mutumin da ya yarda guguwa ta juya ba ya kwashe aku."

Dilenia ta dafe ƙirji.

"Ƙarya kake yi!" in ji Doña Fela.

"Ba ƙarya ba ce, Fela!"

Muryar daga ƙofar baya ta fito. Tsohuwa Chicha ce, mai jan addu'ar makoki a garin, ta sauko daga mota da kaza a hammata.

"Akun nan ya zage ni tun daga nan har gada, sawun farko da na raka jikokina. Kuma a-kori-kurar Plinio tana ɓoye a gonar kwakwa bayan coci, hancinta yana kallon hanya. Na gan ta da idona. Me kike tsammani yake jira?"

Dilenia ce ta amsa, a hankali.

"Jira yake motar Wilner ta tafi. Sai tsoro ya kama mu, sannan ya zo ya cece mu... ya kai mu gidansa na birni. Daga nan wa zai iya ce masa a'a, Mama? Ke ko ni?"

Iska ta ɗaga kwanon rufi ta sake shi. Ƙarar ta cika ɗakin.

Doña Fela ta koma ta zauna a gaban teburin makoki. Farin ƙyalle, kyandir, hoton Don Anacleto da malafarsa ta kamun kifi, da tambulan cike da ruwa da ake ajiye wa mamaci don ya sha kafin ya kama hanya.

"Ko da ƙarya ya yi," ta ce, "ba zan tafi ba."

"Mama!"

"Shekara talatin da ɗaya mutumin nan bai taɓa dawowa daga teku ya tarar da gida babu kowa ba. Saura kwana ɗaya. Ɗaya tak! Ya zo shan ruwansa ya ga duhu? Ya yi ta yawo yana nemana? Ku tafi. Ni da mijina muna nan."

Daga waje wani ya danna hon. Wata mata ta ƙwala kira: "Wilner! So kake mu mutu a ƙofar surukarka?"

Dilenia ta juya gare shi, hawaye na zuba.

"Ka tafi."

"Dilenia, kar ki yi mini haka."

"Mutum nawa ne a motar?"

"Ashirin da bakwai."

"Da yara?"

"Da yara."

"To ka tafi, masoyina. Ba zan bar ta ita kaɗai ba. Kai ma ba za ka so macen da ta bar uwarta ta hau mota ba."

"Gidan katako ne! Taku hamsin tsakaninku da teku! Sun ce ruwan zai wuce tsayin mutum biyu..."

"Na sani."

"Kin sani, kuma kike cewa in tafi?"

"In ka zauna, su ashirin da bakwai ɗin fa? Babu wani direba."

Ya kama hannuwanta biyu ya matse, har ta ji zafi. Ba zai iya zama ba, kuma ba zai iya tafiya ba. Agogon hannunsa ya nuna uku da kwata.

Da wani saurayin ne, da sai ya sungumi yarinyar ya jefa a mota, ya bar tsohuwa da taurin kanta. Wani kuma da sai ya tsaya yana yi wa tsohuwa wa'azi cewa matattu ba sa shan ruwa. Wilner bai yi ko ɗaya ba.

Ya saki hannun Dilenia. Ya taka zuwa teburin makoki, ya durƙusa a gaban hoton, hularsa a ƙirji.

"Don Anacleto, barka da rana. Ni ne Wilner, ɗan Fenelón."

Doña Fela ta ɗago kai.

"Ka san ni. Kai ka koya mini ƙullin igiyar da nake ɗaure kaya da shi har yau. Teku yana zuwa, Don. Kai ka fi kowa sanin halinsa, ba sai na faɗa maka ba. Na zo ɗaukar iyalinka, amma Doña ta ce ba za ta bar ka ba, kuma gaskiyarta ne." Ya sunkuyar da kai. "Don haka kai na zo roƙo. Ka taso mu tafi tare. Kujerar gaba taka ce. Ba na gudu, ba na faɗawa rami. Gobe a cika maka kwana taranka a kan tudu, da jama'ar garinka duka, ba a gidan da babu ko maƙwabci ba."

A waje iska tana ta kuka.

Doña Fela ta juya ga tsohuwa Chicha.

"Ana yin haka?"

"Shekara arba'in ina jan addu'a, ban taɓa gani ba," in ji Chicha. "Amma ban taɓa jin an hana ba. Kuma Anacleto da na sani, ko kasuwa za ki sai ya biyo ki. Yau ne zai ƙi?"

Wani sauti ya kuɓuce wa Doña Fela, rabi dariya rabi kuka. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Tsoho," ta ce, "ka ji yaron nan. Tashi."

Ta miƙa wa Dilenia hoton da malafar. Ita kuma ta ɗauki tambulan da hannu biyu, ta tsaya a gaban Wilner.

"Kai, ɗan Fenelón."

"Na'am, Doña."

"In ɗigo ɗaya ya zube daga ruwan mijina, kar ka ƙara kallon 'yata."

"Mama, hanyar duk ramuka ce!"

"Shi ya ce ba ya faɗawa rami."

Haka suka fita ta ƙofar baya. Doña Fela a gaba da tambulan, Dilenia a tsakiya da hoton a cinyarta, Chicha da kazarta a baya cikin jama'a, an sauke tamfol saboda ruwa.

Wilner ya ja mota kamar mai ɗauke da ƙwai. Mutanen baya suna buga jikin mota.

"Taka ta mana! Gawa ka ɗauko?"

"Gawa ya ɗauko!" Chicha ta amsa. "Ku yi shiru ku yi addu'a!"

Reshen kwakwa ya faɗo a gabansu, ya kauce masa a hankali. Ruwan sama ya rufe gilashi. Da suka iso gada saura minti shida a rufe ta, kogi ya riga ya hau kanta, jajawur, yana jan itatuwa. Sojan da ke tsaron wurin yana ɗaga hannu yana ihu su yi sauri.

Wilner ya dubi ruwan kogi. Ya dubi tambulan.

"Dilenia, zuciyata... in na bi a hankali, ruwan zai ja mu."

Dilenia ta dubi mahaifiyarta.

Doña Fela ta ɗora tafin hannunta a bakin tambulan, ta toshe shi gam.

"Me kake jira, ɗana? Taka!"

Ya taka. Motar ta kutsa, ta yi tangaɗi, ƙafar baya ta zame, mata suka saki ihu da kuka, sannan tayoyi suka kama ƙasa. Suka haye.

Sai da suka fara hawan tudu Dilenia ta saki numfashi. Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa, a gaban mahaifiyarta, kuma ba a ce mata komai ba.

"Ka ji abin da ta kira ka?" ta raɗa masa.

"Na ji. Kar ki maimaita, kar ta janye."

Washegari, iska tana jijjiga tagogin makaranta, aka cika kwana taran Don Anacleto a aji na uku, a kan teburin malami. Mutum fiye da ɗari biyu suka amsa addu'a. Da aka zo kwashe teburin makoki, aikin da dangi kaɗai ke yi, Doña Fela ta waiga.

"Ina Wilner? Zo ka kama wancan gefen ƙyallen."

Da aka koma Boca Prieta bayan kwana biyar, ba a sami gidan ba. Turaku huɗu kawai suka rage a cikin yashi. Wilner ne ya sake gina shi, can nesa da ruwa, kuma a cikinsa aka yi bikinsu bayan shekara, da makoki ya fita.

Plinio kuwa ya ga wucewar motar daga gonar kwakwa, amma ruwa ya rufe gilashinta, bai san suna ciki ba. Ya ƙara jira na awa guda don tsoro ya gama nuna a zukatan matan. Da ya je gidan bai tarar da kowa ba, da ya juya gada ta tafi. Bayan kwana biyu aka sauko da shi daga rufin coci, katako ya murƙushe masa ƙafar dama, likitoci suka yanke ta daga gwiwa. Motarsa tana ƙarƙashin kogi. Ya sake buɗe kanti, amma mutanen garinmu sun gwammace su yi tafiyar awa guda su sayo gishiri a Loma Clara. Yana nan zaune a ƙofar kantin har yau, ba mai amsa gaisuwarsa.