Bindigar Da Ba Ta Yi Sallama Ba

Ku matso kusa, a daina motsi. Wannan ba tatsuniya ba ce, kuma wanda zai maimaita kada ya ƙara mini gishiri. Wata bakwai ke nan Nomau, ɗan baffana, muryarsa ba ta fita. Sai ka ɗora kunne a bakinsa kake jin abin da yake cewa. Haka na karɓi labarin nan, sau uku, kalma ɗaya ba ta saɓa ba.

Nomau maharbi ne, gado ya yi. A ƙa'idar maharban garinmu, namun dajin Rafin Ɗinya suna da masu su, waɗanda ido ba ya gani. Shi ya sa harbin farko sama ake yin sa. Wannan ƙarar ita ce sallama. Masu wurin su ji, su kore nasu, abin da ya rage naka ne.

Sai Sallau mai gyaran bindiga ya dawo daga birni da wani guntun ƙarfe mai rami. Wai salansa, irin ta babur, amma a bakin bindiga ake murɗa ta, ta haɗiye ƙara.

Ya ce, "Yaya Nomau, harbi ɗaya kake yi daji ya watse. Da wannan uku za ka kwaso."

"To sallamar fa?"

"Sallama a daji? Gidan surukanka ne? Kai dai ka lura, tana sassautawa. Duk harbi ka duba, ka ƙara murɗawa. In ta karkace, harsashi zai ci bakinta, ya haɗa da naka."

Ku riƙe wannan maganar. Da ita zan kama shi.

Nomau ya saya, Sallau ya maƙala masa ita, ya shiga dajin shi kaɗai. Rana ta take tsaka lokacin da ya hango bareyi biyar a gindin wata tsamiya. Ya saita. Fit! Ɗaya ta faɗi. Sauran ko kunne ba su kaɗa ba. Ya sa tsumma ya taɓa ƙarfen, ya ji ya sassauta. Ya murɗa. Ya sake harbi, ta biyu ta faɗi. Ya sake taɓawa. Wannan karon yana murɗawa, ƙarfen yana juyawa, ya ƙi kamawa.

A nan ya lura babu kukan tsuntsu. Babu na gyare. Ganye yana motsi, amma ba a jin sa.

Ya ɗaga kai. Wani tsoho yana tsaye gabansa da sandar kiwo, babu ko akuya a bayansa. Bakin tsohon ya motsa a gaba. Muryar kuwa ta bayan ƙeyar Nomau ta fito.

"Sannu da aiki, ɗana. Yaushe ka shigo?"

"Tun hantsi, Baba."

"Ban ji ka ba."

Tsohon ya juya wajen tsamiyar.

"Biyun can da ke kwance, wa ya ba ka?"

"Baba, ban san da..."

"Ka sani. Ubanka yana sallama. Kakanka har sau biyu yake yi, don ya san kunnena da nauyi." Tsohon ya nuna bindigar da haɓa. "Me ke damun ƙarfen?"

"Kwancewa yake yi."

"Kawo."

Bai so miƙawa ba. Hannunsa ne ya miƙa. Tsohon ya sa yatsu biyu, ya murɗa sau ɗaya. Nomau ya ji murɗar a maƙogwaronsa.

"Ungo. Ba za ta ƙara kwance maka ba, tunda shiru kake so."

Nomau ya bar naman, ya zuba da gudu. Yana son karanta addu'a, iska ce kawai ke fita.

Washegari na sa shi gaba muka tafi rumfar Sallau. Na ce ya cire abin da ya maƙala. Ya yi dariya, ya ɗaure bindigar a kan bencinsa, ya kama ƙarfen da sifana, ya danna. Nomau yana can bakin ƙofa, taku goma tsakani, sai ya dafe wuya ya durƙusa, idanu waje. Na daka tsawa aka saki. Da aka saki, numfashi ya dawo. Sallau bai ƙara dariya ba, amma bai ce a yi haƙuri ba. Cewa ya yi shi ƙarfe ya sayar, ba murya ba.

Ƙarya ne. Ya san ƙa'idar, an tuna masa, ya mayar da ita abin ba'a. Na kai ƙara wurin shugaban maharba har sau huɗu, kullum sai a ce ana dubawa. Me ake dubawa? Mutum yana da 'ya'ya biyar, ba ya iya kiran ko ɗaya daga tsakar gida. Abu ɗaya nake nema: Sallau ya ɗauki bindigar nan da hannunsa, ya kai ta gindin tsamiyar, ya ba mai wurin haƙuri ya kwance abin da ya murɗa. Zan raka shi. Wai ƙafarsa ke ciwo. Jiya kuwa na gan shi ya tuƙa keke har kasuwa.

Ku kuma, kada wanda ya bi hanyar Rafin Ɗinya shi kaɗai, musamman da rana tsaka. In ta kama dole, ku tafi kuna tari, kuna waƙa, kuna karya ƙirare. Tsohon nan ba ya ji sosai, kuma ba ya son a zo masa a ɓoye.