Ta'aziyya a Cikin Buhu

Kwana uku da rasuwar mahaifiyarta Inna, Barakatu na zaune a gidan mahaifinta a Kontagora, idanu a kumbure, tana jiran mijinta Na'Allah. Sai ga direbansa ya sauke buhunan shinkafa biyar a zaure.

"Oga ya ce a yi haƙuri, mitin ya riƙe shi a Minna."

Ragowar shinkafar kamfen ce. Kowane buhu na ɗauke da hoton Na'Allah, ya washe baki yana dariya!

Kunya ta kama Barakatu kamar ta nutse. Innar nan fa ita ta sayar da tumakinta aka buga masa fosta da ya tsaya takarar kansila a Sahon Rami. Da ya zama ciyaman, ita ta riƙa tuƙa wa magoya bayansa tuwo. Yanzu da ya zama kwamishina, ya koyi halin manya, komai sai dai wakili.

Mahaifinta, Malam Ndanusa, bai ɗaga murya ba.

"Barakatu, kin zauna ke nan. Ko ya zo da ƙafarsa, ko ya aiko da takardarki, tunda aike ya iya."

Ta shige ɗaki ta kira shi, don har ranta tana son mijinta.

"Honarabul, don Allah ka zo, ko na awa ɗaya ne."

"Haba Barakatu! Ana shirin rage kwamishinoni, in na motsa kujerar ta tafi. Ba na aiko ba?"

Ta ci kuka ta ƙoshi. 'Yan'uwa suka yi ta zuga ta ta nemi saki, ita kuwa kullum amsarta ɗaya: "Yana hanya."

Sai ranar sadakar arba'in ya zo, da jiniya. Ya tarar da zaure cike da jama'a.

"Wa ake nema?" in ji Malam Ndanusa.

"Baba, ni ne, Na'Allah."

"Na'Allah? Ai ga shi nan." Tsohon ya nuna buhu guda da aka jingine a kan tabarmar iyalin mamaciya. "Tun ranar uku yake zaune tare da mu. Duk wanda ya zo yi mana gaisuwa, sai ya yi masa dariya."

Na'Allah ya dubi fuskarsa a jikin buhun. Ya durƙusa yana kuka.

"Baba, na yi kuskure. Ku yafe mini!"

Ya sallami 'yan rakiya, ya kashe waya, ya zauna kwana uku a tabarmar nan. Rana ta uku rediyo ya karanto sababbin kwamishinoni, babu sunansa. Bai tashi ba sai da aka shafa addu'a.

"Barakatu," in ji mahaifinta, "ɗauko mayafinki, mijinki ya zo."

Haƙurinta ya dawo mata da mutumin da ta aura. Duk girman muƙami, akwai inda ba a tura wakili.