Dura ko Zarra

A rumfar hatsin babanta da ke kasuwar Bab Makka a Jidda Mastura ta fara ganin Abdulghaffar, ya zo gyaran fanka. Fanka ta gyaru tun ranar, amma bawan Allah sai da ya dawo duba ta sau shida.

Kafin magana ta je gaban manya, a 1976, aka tura shi Jamus koyon aiki a wata tashar lantarki. Daga can ya rubuto wa babanta Alhaji Na'ibi takardar neman aure da Larabci. To, a nan gizo ke saƙar: in babu wasali, dura, wato dawa, da zarra, wadda ake bam da ita, rubutunsu ɗaya ne.

"Masha Allah, ashe yaron harkar dura yake!" in ji Alhaji. "Ɗan gida ne. Halas, magana ta ƙare, na ba shi."

Mastura kuwa ta gane kuskuren, don tata wasiƙar ba haka ta ce ba:

"Hasken idona, tashar ta wani kamfani ce, wutarta za ta haska gari uku kamar Jidda. Ni agogon inji nake dubawa. Kullum ana maƙala mana ɗan kati a ƙirji, yana auna abin da ya shiga jikinmu. Kada ki ji tsoro."

Kada ta ji tsoro! Yo abin da ba ya cutarwa wa ke auna shi? In ta yi shiru, an ɗaura aure a kan kuskure. In ta faɗa, ta rasa shi. Bayan kwana uku ta sami babanta a rumfa.

"Yaba," ta ce, "ba dura ba ce. Zarra ce."

Mudu ya suɓuce daga hannun Alhaji. "Wadda ta cinye garuruwan Japan? An ce masu aikinta ba sa haihuwa! La, wallahi na fasa."

Wata huɗu tana kuka kafin Abdulghaffar ya zo hutu. Ya durƙusa a falo, ya miƙa takardar awon jikinsa, ita kuwa tana bayan labule tana saurare.

"Ajiye, takarda ta taɓa ruɗa ni," in ji Alhaji. "Akwai haɗari ko babu?"

"Akwai, Ammi," in ji shi, wato Baffa. "Akwai. Shi ya sa ake aunawa. Ni ma ranar farko na ji tsoro."

Mastura ta runtse ido. Shi ke nan, ya kashe su.

Alhaji ya gyara zama. "Da ka ce babu, da na kore ka. Shekara arba'in ina awo, na san mai auna abu kullum bai raina shi ba. Yalla, turo manyanka."

A unguwar Ammariyya aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Alhaji ya riƙe hannun ango.

"Ni da mai dura na zaci zan ba wa ita. To, Allah ya ba ku zuriya kamar ƙwayar dura."

Amarya ba ta magana ranar kai ta, amma kowa ya ji amin ɗin Mastura.